Kawu da Fiƙar Aro

Kawuna mai fenti ne. Ƙanin mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a gidansa na zauna lokacin da na fara aiki a kantin magani, don ya fi kusa da wurin aikina. Dogo ne siriri, mai dogayen yatsu da zurfin ido, irin mutanen da ko sun ci sun ƙoshi sai an tambaye su ko ba su da lafiya. Duk rigar da ya mallaka tana da ɗigon fenti a wani wuri, har wadda yake ajiyewa a ƙasan akwati don fita unguwa.

Tun ina ƙarama na san shi da wawulo. Wata rana yana fentin silin a wani bene tsani ya zame da shi, ya sauko da baki a kan bokitin ƙarfe. Haƙoransa na sama suka tafi gaba ɗaya, daga fiƙa zuwa fiƙa. In yana ba da labarin sai ya ce ba haƙoran suka fi ba shi haushi ba, fentin da ya zube ne, don fari ne mai kyau. Amma mu na gida mun san abin yana damunsa. In zai yi dariya sai ya kai hannu baki. In za a ɗauki hoton iyali sai ya tsuke leɓe kamar wanda aka aiko da mugun labari. Matarsa, wadda muke kira Mami, ta yi fama da shi ya je a yi masa haƙoran roba, kullum amsarsa ɗaya ce: "Bari in gama aikin nan." Aikin kuwa ba ya ƙarewa.

Mami tela ce. Kekenta yana falo kusa da taga, kuma tsakanin keken da bakinta ba ka san wanda ya fi gudu ba. Yaransu sun girma sun bar gida, saboda haka mu uku ne kawai, sai jikoki da ake kawowa ƙarshen mako.

Wata rana wani ɗan kwangila ya ɗauki Kawu aiki a wani tsohon sito da ke bayan tashar mota. Masu shirin talbijin ne suka kama hayar wurin, suka sa kafintoci suka kakkafa bangayen katako a ciki: ga falo, ga matakala, ga wani ɗaki marar taga da aka ce wai a ƙarƙashin ƙasa yake. Ranar farko Kawu ya dawo ransa a ɓace.

"Maman yara, yau na ga abin da ya fi ƙarfina," in ji shi, yana cire takalmi. "Na shafe musu bango ya yi sumul, sai ka ce madara. Sai ga wata 'yar gajeruwar mata mai babbar murya, wai ita ce darakta. Ta ce in ɓata shi."

"Ka ɓata me?"

"Bangon mana! Wai so take ya yi kamar ruwa ya daɗe yana yoyo a kansa. In yi masa tsatsa, in yi masa tsaga, in zana gansakuka. Abin da na ƙare rayuwata ina rufewa, shi ake so in zana da hannuna."

Mami ba ta ko ɗago daga keke ba. "To ai ka huta, Malam. Ciro bangon banɗakinmu ka kai musu."

A hankali muka gane irin shirin. Mai dogon zango ne, a kan wasu iyali na mashaya jini da ke zaune a wani tsohon gida a tsakiyar gari. Ba sa tsufa, ba sa mutuwa. Da rana barci suke yi, in rana ta faɗi su fita neman abinci kamar kowa, wannan direban tasi, wancan mai gadi. Babbansu kuwa wani tsoho ne da ake kira Dattijo, wanda ya daɗe yana barci a ɗakin ƙasa, kuma farkawarsa ita ce mafarin labarin.

An riga an ɗauki wanda zai fito a Dattijo, wani ƙaton ɗan wasa mai cikakken baki. Matsalar ita ce da an ɗora masa fiƙoƙin roba a kan haƙoransa sai bakin ya ƙi rufuwa. In ya yi magana yawu ke fita kafin kalma. Aka yi ta gwadawa, aka yi ta dariya a ɓoye, har ranar da fiƙar ta yi tsalle ta faɗa cikin kofin shayin mai ɗaukar hoto. Mutumin ya yi fushi ya ɗauki jakarsa, bai sake dawowa ba.

A ranar Kawu yana saman tsani a wani lungu mai duhu, yana goge bango, farar ƙura ta rufe masa fuska da gira. Gajiya ta kama shi, ya saki wata doguwar hamma. Sai ya ji an daka tsawa daga ƙasa.

"Kar ka motsa!"

Ya sandare, a zatonsa wayar lantarki ce ta taɓa tsanin. Ashe darakta ce ta tsaya tana kallonsa, hannu a ƙugu.

"Baba, don Allah sake yin hammar nan."

"Hamma ai ba a yin ta da oda, 'yata."

"To buɗe bakin kawai."

Ya buɗe, cikin jin kunya. Ta juya ta kira marubucin shirin, wani saurayi mai gilashi da ba ya rabuwa da tauna biro. Suka tsaya su biyu suna leƙen bakin Kawu kamar masu sayen fili. Sannan ta ce masa ya sauko, tana da magana.

Da ya zo gida da zancen, ya riga ya yanke shawarar ba zai yi ba. "A ce ni, da furfurata, in fito duniya tana kallo ina shan jinin mutane? Gobe a ce Mai-Fenti maye ne."

"Maye da wawulo?" in ji Mami. "Da me za ka kama su, da dasashi?"

Na yi dariya har na ƙware. Kawu ya harare ni, amma na ga hannunsa ya tafi baki, alamar shi ma dariyar ta kama shi.

Washegari Mami ta yafa mayafi ta bi shi har siton. Ita ta zauna da darakta. Abin da ta nema guda ɗaya ne bayan hakkinsa na aiki: in za a yi masa haƙoran wasa, to a haɗa masa da na gaskiya, irin na mutane. Darakta ta ce an gama. Kawu yana gefe yana ta "amma dai", babu wadda ta ko waige shi.

Ni na raka shi wurin mai haɗa haƙoran, wani mai sanƙo mai yawan barkwanci. Ya cusa wa Kawu wani abu mai kama da ƙullu a baki don ɗaukar awo, ya jira ya daskare, ya ciro yana jujjuya shi cikin jin daɗi. "Baba, bakin nan naka fili ne da ba a yi gini ba," in ji shi. "Wancan mutumin gyaran tsohon gida na yi ta fama da shi. Kai kuwa daga tushe zan fara."

Na wasan aka fara gamawa, saboda ana sauri. Jerin haƙora ne farare tas, da fiƙoƙi biyu dogaye a gefe da gefe. Suka zauna daram kamar da su aka haife shi. Aka ce ya tafi da su gida ya saba. Mami tana fitowa daga kicin da tiren shayi ya yi sallama, ya buɗe mata baki gaba ɗaya. Tiren ya tafi gabas, kofuna suka tafi yamma. Ta yi salati, ta ja da baya har ta bugi keke, sannan ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana share hawaye. Shi kuwa ya wuce ɗaki ya tsaya gaban madubin wadirof. Ya daɗe a wurin. Da na leƙa sai na ga yana murmushi shi kaɗai, ya juya ta dama, ya juya ta hagu. Daga baya ya aike ni in sayo tuffa, abin da ya yi shekaru bai gatsa ba. Gatsa ɗaya ya yi ya huda leɓensa na ƙasa, ni na sa masa magani.

Da na gaskiyar suka iso, gidan ya canza. Kawu ya koma dariya da baki buɗe, har a kan abin da bai kai a yi masa dariya ba. Mai kawo gas ya ce gas ya ƙara tsada, Kawu ya washe masa baki. Mami ta ce, "Malam, a riƙa rufewa haka nan, kar su sha iska."

Duk ranar da ba ni da aiki nakan bi shi siton. Da rana tsaka ake ɗaukar shirin, an rufe tagogi da baƙaƙen labule, ana kunna fitilu masu zafi. Marubuci ne ya zaunar da shi ya koya masa halin mashaya jini, ni ina gefe ina danne dariya.

"Ba sa iya shiga gidan mutum sai an ce su shigo," in ji marubucin.

"To wallahi sun fi yaran yanzu tarbiyya."

"Kuma ba sa ganin kansu a madubi."

Kawu ya sosa ƙeya. "To yaya suke gyara gashin baki?"

Marubucin ya ciro biro daga baki ya dube shi, ya mayar. Ya ce zai yi tunani a kai.

Da aka zo maganar tafarnuwa, cewa ko warinta ba sa so, nan aka samu matsala. Kawu yana da hawan jini, kuma ban da maganin da nake kawo masa daga kanti, Mami ta ɗora shi a kan tauna ɗanyar tafarnuwa kowace safiya. 'Yan wasan da suke fitowa a 'ya'yansa suka kai ƙara wurin darakta, wai in shugaban mashaya jini ya matso zai yi musu magana, idonsu har ruwa yake yi. Darakta ta kira Mami a waya tana roƙo. Mami ta ce lafiyar mijinta ta fi talbijin. A ƙarshe aka daidaita a kan zai riƙa tauna kanumfari a hanya.

Akwatin gawa kuwa Kawu ya ƙi shi ƙememe. Sun haɗa wani baƙi mai sheƙi, shi da kansa ma ya yi masa fenti, bai san nasa ba ne. "Ba zan shiga abin nan da ƙafata ba," in ji shi. "In lokacin ya yi ba sai an roƙe ni ba." Aka yi juyin duniya ya kafe. Sai kafintoci suka haɗa masa wani dogon akwatin katako irin na ajiyar kaya, Mami ta ɗinka masa 'yar katifa da matashi. Ranar da za a ɗauki farkawar Dattijo aka rufe shi a ciki, aka tsaya gyaran fitila. Da aka gama darakta ta ce a fara. Kyamara tana aiki, kowa ya yi tsit ana jiran murfi ya ɗaga. Murfi bai ɗaga ba. Sai wani gurnani da ya fara fitowa daga cikin akwatin, yana hawa yana sauka. Kawu ya yi barci. Mai sauti ya ɗaga hannu ya ce kar kowa ya tashe shi, ya matsa da abin ɗaukar magana ya naɗi minsharin. Shi ne gurnanin da daga baya ake sakawa a farkon kowane kashi, wanda ya hana yara da yawa zuwa banɗaki su kaɗai.

Babbar rigimar ta zo ne ranar cizo. A labarin akwai wata ɗaliba da ta kama hayar ɗaki a gidan ba ta san ko su wane ne masu gidan ba, kuma ita ce Dattijo zai fara kamawa. Aka shirya komai. Yarinyar ta tsaya jikin bango ta karkatar da wuya, Kawu ya taho a hankali cikin baƙar alkyabba, fuska fara fat, idanu jajir. Har ni da na san shi sai da tsigar jikina ta tashi. Yana isa gabanta sai ya tsaya cak, ya juyo.

"A'a. Yarinyar nan sa'ar autata ce. Ko da wasa ba zan kai bakina wuyanta ba."

"Baba, ba cizon za ka yi ba," in ji darakta. "Sunkuyawa kawai za ka yi, kyamara tana bayanka."

"Masu kallo ai ba su san haka ba. Ubanta ma zai kalla."

"Babana ya san wasa ne, Baba," in ji yarinyar, wuyanta har yanzu a karkace.

"Miƙe wuyanki, 'yata, kar ya sage."

Marubucin ya yi jifa da biro ya fice. Aka tashi aiki a ranar ba a ɗauki komai ba, kuma a hanya Kawu ya ce mini yana jin korarsa za a yi. Ni ma haka na zata. Amma darakta ta riga ta ɗauki fitowa da yawa da fuskarsa, ba ta da halin sake sabon lale. Bayan 'yan kwanaki marubucin ya dawo idonsa duk ya faɗa, da sabon labari. Yanzu Dattijo ya farka ne da niyyar ya daina shan jinin mutane har abada. Yunwa tana cinsa, 'ya'yansa suna ganin tsufa ya taɓa masa hankali, ga ɗalibar nan tana kai da kawo a gabansa tana gaishe shi da ladabi, shi kuma ya zama shi ne mai tsare ta daga nasa iyalin. Daga baya na ji marubucin a rediyo yana cewa tun farko haka ya tsara abin. Kawu ya ce a ƙyale yaro, ya sha wahala.

Inda Kawu ya fi rauni shi ne hadda. Gajerun maganganu yana kama su, amma in suka yi tsawo sai ya cakuɗa farko da ƙarshe. Akwai fitowar da ɗalibar ta gano ko shi wane ne, ta tambaye shi me ya sa ya daina. Amsar doguwa ce, mun yi ta bitarta a gida har Mami ta haddace, shi bai haddace ba. A wurin ɗauka ya yi ta tuntuɓe. Da darakta ta gaji sai ta zo ta tsuguna gabansa.

"Baba, manta da abin da aka rubuta. Kai ne mutumin da ya rayu har kowa nasa ya ƙare. Yarinya ta tambaye ka. Ka ba ta amsa yadda za ka ba ta."

Kawu ya gyaɗa kai. Sannan ya dubi yarinyar ya fara magana a hankali, da muryarsa ta gida.

"Kin san abin da ya fi yunwa ciwo? Ki tuna wani abin dariya, ki waiga za ki faɗa wa wanda kuka yi shi tare, ki tarar babu shi. Ki nemi wanda ya san shi, shi ma babu. Ni akwai sunan da ake tsokanata da shi ina yaro, na tsani sunan nan. Yau da zan ji wani ya kira ni da shi daga bayan katanga, da na ba shi duk abin da na mallaka. Kowa tsoron mutuwa yake yi, 'yata. Ba su san yadda zama yake ba in an tashi kasuwa an bar ka."

Da ya gama babu wanda ya motsa. Yarinyar tana hawaye na gaske. Darakta ta manta ba ta ce a tsaya ba, sai mai ɗaukar hoto ne ya taɓa ta.

A hanyar gida na tambaye shi daga ina maganar ta fito. Ya ce amininsa ya tuna, wanda suka koyi fenti tare a hannun maigida ɗaya, suka sha duka tare, suka yi aure shekara guda. Ya ce tun da mutumin ya rasu akwai labaran da ya daina bayarwa, don in babu shi ba sa ba da dariya. Muka ci gaba da tafiya. Sai ya hango mai gasa nama a bakin titi, ya ce mu tsaya, yana so a zaɓo masa mai tauri.

Ranar da aka fara nuna shirin falonmu ya cika da maƙwabta, har an ture keken Mami zuwa lungu. Da murfin akwatin ya ɗaga, dogayen yatsun nan suka fito, jikarsa ƙarama ta yi ƙara ta ruga ta ɓoye fuska a cinyarsa, wato ta gudu daga gare shi zuwa gare shi. Kafin a yi nisa da shirin unguwa gaba ɗaya ta daina ce masa Mai-Fenti, sai Dattijo. Yara su biyo shi a baya, in ya waiga su watse da ihu, in ya ci gaba su sake taruwa. Mai aski yana ganinsa zai ɗauko tawul ya rufe madubi, ya ce ai ba shi da amfani. Mai kayan miya in ya hango shi sai ya ɗaga ƙullin tafarnuwa sama yana karkarwar ƙarya.

Mutum ɗaya ce ba ta ɗauki abin da wasa ba, wata tsohuwa da ke gidan da ke jikin namu, wadda kowa ke kira Iya. Ta daina amsa gaisuwarsa. In ya fito sai ta ja taga. Har tafarnuwa ta rataya a ƙofarta. Abin ya dami Kawu, don shi ya yi mata fentin ɗaki kyauta lokacin da ɗanta zai dawo daga tafiya. Mami ce ta yi maganin abin. Wata rana da tsakar rana ta fito da kujera tsakar gida ta zaunar da shi a cikin rana, ta je ta kamo hannun Iya.

"Iya, ga shi nan a rana, ya ƙone? Ga madubi, leƙo, ba shi ne wannan ba? Malam, cire haƙoran."

Kawu ya ciro su ya jefa a kofin ruwa, ya buɗe mata dasashi. Iya ta leƙa kofin, ta leƙa bakin.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji ta. "Amma a talbijin idonsa ja ne."

Tun daga ranar ita ce take fara zuwa kallo, da 'yar kujerarta, kuma ita ce mai yi wa 'ya'yan Dattijo faɗa ta cikin gilashi in sun yi masa rashin kunya.

Ba zan ɓoye ba, suna ya ɗan hau wa Kawu kai. Darakta ta ce ya rage shiga rana don kwalliyar ta riƙa zama, shi kuma ya ɗauki abin da zafi. Ya sayi baƙin tabarau da lema. Ya koma tafiya a hankali, yana magana ɗaya bayan ɗaya kamar a shirin. Wata safiya Mami ta tambaye shi ko zai sha shayi, ya dubi silin ya ce, "Na ga zamanai da yawa sun shuɗe."

"To sannu," in ji Mami. "Motar shara ma ta kusa shuɗewa. Dattijo, a taimaka a fitar da kwandon."

Ya ɗauki kwandon ya fita, da tabarau da lema. Aka yi rashin sa'a iska ta juye lemar, sharar ta zube masa a ƙafa, a gaban yaran da ke jiran motar makaranta. Daga ranar lema ta koma bayan ƙofa.

A ƙarshen zango na biyu marubucin ya kashe Dattijo. 'Ya'yansa sun kulle ɗalibar a saman bene, hanyar ceton ta ɗaya ce, ya ɗauke ta ya fita da ita waje alhali gari ya waye. Ita ce kaɗai fitowar da aka ɗauka a fili, da hantsi, a bayan siton. Kawu ya sauke yarinyar, ya ɗaga fuska ya dubi rana, ya yi murmushi, daga baya masu kwamfuta suka mayar da shi toka. Da aka gama ya cire fiƙoƙin ya wanke su da kansa ya miƙa wa mai kula da kaya. Darakta ta karɓe su daga hannun mutumin ta sa a wani ɗan gwangwani ta ba Kawu, ta ce ai babu bakin da za su shiga sai nasa.

Washegarin da aka nuna mutuwar, mutane suka yi ta shigowa gidanmu suna yi wa Mami gaisuwa. "Ya haƙuri? Ashe Dattijo lokaci ya yi." Mami ta sunkuyar da kai tana amsawa, "Haƙuri sai ma'aiki, mutumin kirki ne, sai dai minshari," alhali mamacin yana gefe yana shan shayi da burodi. Iya kuwa kuka ta yi sosai, ta ce ba za ta sake kallon shirin ba, kuma ba ta sake ba.

Kawu ya koma kan tsaninsa. Aiki ya ƙaru, don kowa yana so ya ce Dattijo ne ya yi masa fenti, ko da yake wasu sai sun tsayar da shi ɗaukar hoto rabin yini kafin ya buɗe galan.

Ana nan sai ga wata ma'aikaciyar jinya ta zo har gida, daga sashen ajiyar jini na babban asibiti. Ta ce jini yana yi musu ƙaranci, mutane suna tsoron bayarwa, suna so ya zo ranar gangami ya tsaya tare da su. Kawu ya amsa nan take. Aka buga hotonsa a manyan takardu, da fiƙoƙi da alkyabba, a ƙasa an rubuta: "Ni na daina sha, ku ku zo ku bayar." Ranar gangamin ni da Mami muka raka shi, muka tarar layi ya fita har bakin titi. Kawu yana ta kai da kawo cikin alkyabba, yana yi wa samari kirari, yana cewa wanda ya ji tsoron 'yar allura ba namiji ba ne.

Can sai wani direba da ke kwance ana ɗibar nasa ya ɗago kai ya ce, "Dattijo, kai ka ba da naka?"

Wurin ya ɗauki sowa. Kawu ya dube ni, na dube shi. Ya matso kusa da ma'aikaciyar ya rage murya. "'Yata, ni fa ina da hawan jini. Ai ba a ɗibar na masu hawan jini, ko?"

Ta ɗaura masa abin awo a hannu, ta duba, ta tambaye shi magungunan da yake sha, na faɗa mata. Ta yi murmushi. "Baba, jininka yau ya fi nawa kyau. Bismillah, ga gado."

Babu hanyar gudu. Ya cire fiƙoƙin ya ba Mami ta riƙe, ya kwanta, ya miƙa hannu ɗaya, ɗayan kuma ya damƙe nawa har yatsuna suka yi tsami. Ya runtse ido yana ta addu'a a bayyane, duk wadda ta zo bakinsa, har da ta shiga mota. Ma'aikaciyar ta soka allurar ta manna filasta, jini ya fara tafiya cikin leda.

"In za ki soka ki faɗa mini," in ji Kawu, ido a rufe. "Kar ki yi mini ba-zata."

"Baba, ai har mun yi rabi."

Ya buɗe ido ɗaya ya leƙa ledar, ya yi sauri ya rufe. Da aka gama aka zaunar da shi aka ba shi lemon kwalba da biskit. Ya shanye, ya miƙa wa ma'aikaciyar kwalbar, ya tambaye ta ko wanda ya yi jarumta irin tasa ana ƙara masa ta biyu. Ta kawo masa. Mami ta karɓe ta sha rabi, ta ce ita ma ta sha wahalar kallo.